Sallar Wanda Ke Kwance

Jikokina da ke karatu a Gusau sun ba ni labarin ranar masoya, 14 ga Fabrairu, da jajayen kayanta da kyaututtukanta. Na ce musu mu a Karakkai, kamar sauran ƙauyukan Bunguɗu da Tsafe, ranar Sallah ake gane mai ƙaunar wani, kuma wurin ganewar shi ne ɗakin tsohon da ciwo ya kwantar.

Ƙasarmu ba ta saba da gidan ajiye tsofaffi ba. Wanda shanyewar ɓarin jiki ko ciwon suga ya kayar, in an sallame shi daga asibitin tarayya ko na Yariman Bakura a Gusau, gida ake komowa da shi, jinya ta hau kan 'ya'ya da surukai. Na yi jinyar iyaye, na ga ta maƙwabta, yau ni ma sanda nake dogarawa.

Sallar mai jinya tun jajibere take farawa. A kira wanzami ya yi wa tsoho aski, a ƙunsa wa tsohuwa lalle, a ɗinka musu sabon kaya ko da ba za su taka ƙofar gida ba. In ƙaramar Sallah ce aka auna zakkar kono, a gaya masa an fitar da tasa, a kuma faɗa masa an yi ciyarwar azumin da ya sha. Da safe a jingina shi inda zai ji kabbarar masu tafiya idi.

Abinci ma sai an lura. A babbar Sallah, soyayyen naman layya na masu haƙora ne, shi kuwa a yi masa farfesu mai laushi ko dambu. Mai hawan jini a rage masa gishiri da magi, mai suga a kau masa da lemon kwalba. Hidimar baƙi kan sa a manta da magani, a manta da juya wanda ba ya iya juyawa. Likitoci sun ce kowace awa biyu, in ba haka ba gyambon kwanciya ya kama shi.

Babban abin da shekaru suka koya mini shi ne, tsoho ya fi jin zafin rasa abin bayarwa a kan rasa abin ci. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana rabon barka da Sallah, yau kowa ya shigo sai ya ajiye masa, shi ba ya miƙa wa kowa komai. Don haka tun dare a zuba masa canji da goro ƙarƙashin matashi, kada yara su gani. In jika ya durƙusa ya ce, "Kaka, barka da Sallah," tsohuwa kuwa ta ce, "Angona, ina kayan Sallata? Rowa ta hana ka ɗinka wa matarka zane?" sannan ta lalubo naira ɗari ta damƙa masa, to ranar ta koma uwar gida a gidanta. Manya kuma su roƙi addu'arta, su zauna har ta shafa.

Na san hanyar Funtuwa zuwa Tsafe da Gusau ba ta da daɗin bi a shekarun nan, kuma ban ga laifin ɗan da ke Kano ko Abuja ba in ya tsaya ga waya. Sai dai a Satumbar 2021, da aka rufe layukan waya a Zamfara, tsofaffin da zumuncinsu duk a waya yake makonni suka yi ba su ji muryar kowa ba. Zumunci a ƙafa yake. Wanda ya kasa zuwa ranar Sallah ya wakilta ɗan'uwa na kusa, sannan shi ma ya zo da kansa in hanya ta yi kyau.

Kada kuma a manta da mai jinyar. Yawanci suruka ce ko 'yar da ta baro ɗakinta, ita ke wanki da kwasar bahaya shekara cur. Masu zuwa da manyan riguna su riƙo mata kayan Sallarta daban, wata ta karɓe ta ko da yini guda ne, ita ma ta je ta gaida nata iyayen.

Duk mai tsoho kwance ya fara gaisuwar Sallah daga ɗakinsa, kafin gidan hakimi da na surukai. 'Ya'yanku na kallon yadda kuke yi, kuma su za su yi jinyarku. Allah ya sa mu rabu da iyayenmu lafiya.