Hasken da na karanta a baibai

Ni ne na sanar da danginmu cewa sankarar mamar da ke jikin yayata ta bazu, kuma ba haka ba ne. Ban ji daga bakin likita ba. Takardar hoto na karɓa, na duba da idona, na yanke hukunci.

An riga an tabbatar da ciwon a mamanta na hagu, da kaluluwa a hammata. Kafin a tsara magani, likitanta ya ce a yi mata hoton da ake kira PET/CT, don a ga ko ciwon ya wuce nan. Muka tafi Legas. Da yake ni ne ɗan bokon gidan, komai sai a ce a tambaye ni, ni kuma abin ya shiga kaina.

Hoton nan na'ura biyu ce a haɗe. David Townsend da Ronald Nutt ne suka ƙirƙiro ta, aka fara gwada ta a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka a 1998. Ana yi wa mutum allurar wani nau'in sukari da aka liƙa wa sinadari mai fitar da tururin nukiliya kaɗan, bayan ya yi awoyi bai ci komai ba sai ruwa. Ƙwayoyin sankara haɗamammu ne, sun fi sauran jiki zuƙar sukari, saboda haka inda suke sai ya yi haske. PET ce ke ganin hasken, CT kuma ta nuna ainihin wurin: ƙashi ne, hanta ce, ko kaluluwa. Ƙarfin sinadarin yana raguwa da rabi duk bayan kimanin minti 110, shi ya sa ba a ajiye shi, kuma shi ya sa hoton yake da tsada da wuyar samu.

Duk wannan na karanta shi a waya kafin mu je. Rabin ilimi ke nan, wanda ya fi jahilci haɗari. Da na buɗe hoton, na ga ƙwaƙwalwa da mafitsara sun haska, na san wannan ba komai ba ne. Amma a tsakiyar ƙirji, kusa da huhu, ga ɗigo-ɗigo masu haske. A daren na kira babban wanmu na ce, "Yaya, sai haƙuri, abin ya shiga ƙirji." Kafin gari ya waye magana ta zaga dangi. Wasu suka ce a daina ɓarnar kuɗi, a dawo da ita gida a yi na gargajiya. Ita kanta ta ji a muryar masu kiranta, ta tambaye ni, "Ƙanena, me kake ɓoye mini?" Na kasa amsawa.

Rahoton da ke tare da hoton bai ce ta bazu ba. Cewa ya yi ana zargi, a gwada. Kalmar nan na tsallake.

Likitan da muka koma wa bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce na'urar ba ta san sankara ba, mai cin sukari kawai ta sani. Ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta su ma suna ci, don haka kumburi, rauni na tiyata, da tarin fuka duk suna haskawa. A ƙasa irin tamu, inda tarin fuka ya yi yawa, haske a kaluluwar ƙirji ba hujja ba ce sai an ɗebi tsoka an duba. Ya ƙara da cewa akasin haka ma yana faruwa: akwai nau'in sankarar mama da ba ta cika haskawa ba, kuma ƙari ƙarami sosai yakan kuɓuce wa hoton. Shi ya sa ba da shi ake binciken mata masu lafiya ba, hoton mama na musamman ake yi.

Aka ɗebi tsokar. Tarin fuka ne.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Da ta bazu, magani na rage raɗaɗi da tsawaita kwana za a sa a gaba. Da yake ba ta bazu ba, sai aka tsara na neman warkewa: maganin tarin na wata shida, allurar kemo, tiyata, sannan gashi. Ban ga laifin hoton ba ko kaɗan. Shi ne ya tono tarin da ba ta ko yin tari da shi, wanda da an fara kemo ba a sani ba, garkuwar jikinta ta yi ƙasa, zai iya tashi mata.

Sai da na bi dangi ɗaya bayan ɗaya ina warware abin da na ƙulla. Wata gwaggonmu har yau ta fi yarda da maganata ta farko, tana cewa likitoci ne ke rufa-rufa. Kuɗin da wasu suka yi alkawari suka janye a wancan makon ba su dawo ba, filina na sayar na cike gurbin.