Daga Kwanon Lebura Zuwa Kwamfutar Daji: Rangadi A Ƙasar Zonkwa

Duk matafiyin da ya taso daga Kaduna ya bi ta Kachia ya nufi kudu, zai lura da yadda ƙasa take sāke kama a hankali. Itatuwa su kan ƙara tsawo da duhuwa, duwatsu su fara leƙowa ta bayan gonaki, ƙasa kuma ta yi ja wur kamar an barbaɗa mata garura. Gonakin citta da na doya da masara da acca su ne za su yi masa rakiya har ya iso Zonkwa, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, kuma mazaunin Agwam Bajju, watau sarkin al'ummar Bajju waɗanda Hausawa suka daɗe suna kira Kaje.

Zonkwa gari ne na manoma da 'yan kasuwa da ma'aikata da 'yan makaranta. Layin dogo da ya haɗa Kaduna da Kafanchan ya ratsa ta cikinsa, kuma tashar jirgin tana daga cikin abubuwan da suka raya shi. Baƙo ba zai ga wani babban ramin haƙar ma'adini a tsakiyar garin ba. Amma in ya tambayi dattawa, za su shaida masa cewa ƙasar da ke kewaye da su, daga Jaba zuwa Jama'a, ta yi shekara kusan ɗari tana ciyar da duniya da abin da Allah Ya ɓoye a ƙarƙashinta.

Zamanin Kuza

A shekarar 1927 ne Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau dutse zuwa Jos. Babban dalilin wannan reshe na Jos shi ne kuza. Kamfanonin Turawa suna bukatar gawayin Inugu don injunansu, suna kuma bukatar hanyar fitar da kuzar zuwa bakin teku. Haƙar ba ta tsaya a kan tsaunin Jos kaɗai ba, ta gangaro har ƙasar Jama'a da ta Jaba.

Kayan aikin wancan zamani sanannu ne: diga, da shebur, da kwanon da lebura ke ɗauka a ka, da ruwan wanke ƙasa. Ilimin gane dutse kuwa a idon mutum yake da tafin hannunsa. Gwani ya kan ɗebi baƙin yashi ya jinjina, nauyinsa ya gaya masa ko kuza ce ko tarkace.

A cikin irin wannan aiki ne, a shekarar 1928, aka tono wani ɗan kan mutum-mutumi na yumɓu a ƙauyen Nok, kusa da Kwoi. A 1943 kuma aka sami wani kan a wata mahaƙa ta ƙasar Jama'a, wanda har ya yi zaman korar tsuntsaye a gonar doya kafin ya isa hannun wani Bature jami'in mulki mai ilimin kayan tarihi, Bernard Fagg. Shi ne ya gane cewa kayan nan na al'umma ɗaya ne, ya sa musu sunan Nok. Binciken da masanan Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus suka fara a 2005 tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Nijeriya ya nuna cewa mutanen Nok sun zauna a wannan yanki tun kimanin shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga baya kuma suka iya narka tama su fitar da ƙarfe. Ashe ke nan sanin darajar dutse ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan.

Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a watan Oktoba na 1985, manyan kamfanoni suka tattara nasu ya nasu, aka bar kududdufai da tsibin ƙasa. Sai dai haƙa ba ta mutu ba, hannu kawai ta sauya. Talakawa suka ci gaba da tonon ramukan da ake kira loto, wasu kuma suka koma neman duwatsu masu daraja, irin su shuɗin safaya na wajen Nisama. A 2016 aka ba da sanarwar cewa wani kamfanin Ostareliya ya gano ma'adinin nikel a Dangoma, cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a. Bayan haka kuma neman litiyom, wanda ake yin batir da shi, ya bazu a jihohin Kaduna da Nasarawa da maƙwabtansu.

Abokan Gāba Huɗu

To, mai neman ma'adini na yau ba ya shiga daji da diga kaɗai. Ya kan riƙe na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, wadda ke ɗauke da taswira, tana karɓar saƙon tauraron ɗan Adam don ta nuna masa daidai inda yake tsaye, tana kuma adana bayanin kowane dutse da ya ɗauka. Amma kwamfutar ofis 'yar gata ce, an yi ta don ɗaki mai sanyi da tebur mai tsabta. Idan aka fito da ita filin haƙa a ƙasar Zonkwa, abokan gāba huɗu ne ke jiranta.

Na farko shi ne ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ya kan busa, hazo ya rufe tsaunukan Kagoro. Kwamfuta tana da 'yar fanka a ciki mai jawo iska don ta huce, kuma da iskar ne ƙura ke shiga ta toshe hanyoyin, har na'urar ta shaƙe. Inda ake niƙa dutse kuwa, ƙurar tana ɗauke da ɓarɓashin ƙarfe, wanda ke iya haɗa wuta a inda bai kamata ba.

Na biyu shi ne ruwa. Damina a nan doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba, kuma ruwan ya fi na Zariya da Kano nesa ba kusa ba. Wanda ya tsaya a gaban magangarar ruwa ta Matsirga a watan Agusta ya ga shaida. Ko ruwa bai taɓa na'ura ba, laima kaɗai ta isa ta sa tsatsa ta ci ƙananan wayoyinta. Ga kuma tsawa.

Na uku zafin bazara ne, musamman ga na'urar da aka bari cikin rufaffiyar mota da tsakar rana. Na huɗu kuma jijjiga: hanyar daji, da bayan babur, da rurin injin niƙa. Tsohon faifan ajiya na kwamfuta juyawa yake yi da tsananin gudu, allura tana shawagi a kansa, don haka faɗuwa ɗaya ta kan share aikin wata guda. A kan waɗannan duka, sai a ƙara rashin tsayayyar wutar lantarki.

Maganin Da Maƙera Suka Samo

Saboda irin waɗannan matsaloli ne kamfanoni kamar Getac na Taiwan da Panasonic na Japan, wanda ya fito da samfurin Toughbook a 1996, suke ƙera kwamfutoci masu taurin rai. Wasunsu ba su da fanka, gangar jikinsu ta ƙarfe mara nauyi ita ke fitar da zafi. Ma'ajiyarsu ba ta da abin da ke motsi. Kowace kafa tana da murfin roba, kusurwoyi an yi musu matashi. Fuskarsu tana da hasken da za a iya karatu a tsakar rana, tana kuma jin taɓawar mai safar hannu. Da yawa suna da batir biyu, a cire ɗaya a sa wani ba tare da an kashe na'urar ba.

Mai saye yana da alamar da zai duba, ita ce haruffan IP da lamba biyu a gabansu. Lambar farko ta ƙura ce, kuma 6 tana nufin ƙura ba ta shiga sam. Ta biyu ta ruwa ce: 5 tana nufin na'urar za ta jure feshin ruwa, 7 kuma tana nufin za ta iya zama cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya har minti 30. Akwai kuma ma'aunin sojan Amurka mai suna MIL-STD-810, wanda a ƙarƙashinsa ake gwada na'ura da faɗuwa da jijjiga da zafi da sanyi. Kuɗinsu ya kan ninka na kwamfutar ofis, amma Hausawa sun ce araha ba ta ado.

A manyan mahaƙun duniya abin ya wuce nan. A yankin Pilbara na Ostareliya, kamfanin Rio Tinto yana da manyan motoci da jiragen ƙasa masu jigilar tama ba direba, ana lura da su daga birnin Perth mai nisan kilomita kusan 1,500. Kwamfutocin da ke jikinsu dare da rana suke cikin ƙura da zafi.

Abin sha'awa shi ne, ƙasar Kafanchan ta taɓa zama fagen gwajin irin wannan tunani. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta ga yadda zafi da ƙura da rashin wuta ke kashe kwamfutocin da take koyar da matasa da su. Don haka a shekarun 2000 ta haɗa hannu da kamfanin ExpLAN na Ingila wajen gwada wata kwamfuta mai suna Solo, wadda ba ta da abin da ke juyawa a ciki, wutar da take ci ba ta kai wat 10 ba, kuma batirin mota ko faifan hasken rana ya ishe ta. Na'urar ba ta yaɗu a kasuwa ba, amma ta nuna cewa mutanen yankin sun gane ciwon tun da wuri.

Ma'auni A Hannun Wa?

Akwai wata na'urar hannu mai siffar bindiga da ake kira XRF. Idan aka ɗora bakinta a kan dutse, sai ta harba haske irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Kowane ma'adini yana mayar da amsa irin tasa, 'yar kwamfutar ciki kuma ta lissafa, cikin abin da bai fi minti ɗaya ba ta nuna yawan kuza ko dalma ko nikel da ke ciki. Litiyom ne ba ta iya gani saboda rashin nauyinsa, shi sai wata mai aiki da hasken leza.

A nan ne maganar ta shafi talaka. Idan mai saye yana riƙe da ma'auni, mai sayarwa kuma ba shi da komai sai idonsa, an san wanda zai yanka farashi. Saurayin da ya wuni cikin rami zai karɓi abin da aka ba shi, bai san darajar abin da ya rabu da shi ba.

Maganar ta kuma shafi rai. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje ba a san yana ɗauke da guba ba. Da irin wannan na'ura ce ma'aikatan agaji suka bi gida gida suna auna ƙasa, suka san wadda za a kwashe. Da an auna dutsen tun a bakin rami, da an san haɗarinsa kafin ya shiga tsakar gida.

Sa'an nan ta shafi gona. Tun daga Nuwamba 2022, Ofishin Rajistar Filayen Ma'adinai na Tarayya yana karɓar takardun neman lasisi ta intanet, kuma da lambobin taswira ake shata kowane fili. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta tanadi neman yardar mai ƙasa, ta kuma wajabta wa mai hayar haƙa ƙulla yarjejeniyar raya ƙasa da al'ummar wurin. Amma manomin citta da bai san lambobin iyakar gonarsa ba, yaya zai gane ko ta faɗa cikin filin da aka bai wa wani?

Mahaƙi guda ba zai iya sayen waɗannan na'urori ba, amma ƙungiyar gama kai za ta iya. Ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ga matasa masu gyaran waya a bakin kasuwar Zonkwa waɗanda hannunsu ya saba da ƙananan wayoyi. Idan aka koya musu aiki da na'urorin da gyaransu, ba sai an jira wani daga Abuja ko Legas ba.

A zamanin kuza, 'yan ƙasa su ne suka ɗauki kwano, wasu kuma suka riƙe sikeli da littafin lissafi. Matafiyin da ya tsaya a tashar Zonkwa da yamma, ya dubi layin dogon da ya miƙe zuwa Kafanchan, ba zai rasa tuna wannan ba. Allah Ya sa a wannan karo 'ya'yan masu kwanon su ne za su riƙe ma'aunin, amin.