Daren da muka tuna Ɗan Maraya a Zuru

Ranar 20 ga Yuni, 2016, Ɗan Maraya Jos ya cika shekara da rasuwa, kuma kamar ranar da ya rasu, cikin azumi ta faɗo. Ba wanda ya kira taro. Bayan tarawihi muna zaune wurin mai shayin bakin tasha, wani direban hanyar Kontagora ya kunna rediyon motarsa, ya bar ƙofa a buɗe. Kuntigi ya tashi, hira ta tsaya.

Mutanen garin nan ba su rasa kiɗa ba. Duk wanda ya ga bikin Uhola ya san yadda ganga ke girgiza ƙasa. Wannan kuwa mutum ɗaya ne, babu 'yan amshi, babu makaɗa a bayansa. Kuntigin nasa gwangwani ne aka rufe da fatar akuya, aka ɗaura masa tsirkiya guda. Fiyanon da Turawa ke cika zaure don saurara maɓallai 88 gare shi, amma Ɗan Maraya, wato Adamu Wayya, da tsirkiyar nan ya riƙe ƙasar nan shekaru da dama, har Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa.

Da aka zo Waƙar Karen Mota, yaran tasha suka matso. Ɗayansu, hannunsa baƙi ƙirin da man inji, yana bin ta baki da baki, alhali ba a haife shi ba lokacin da aka yi ta. Abin ya taɓa ni ƙwarai. Mawaƙin da ya tashi a gidan Sarkin Hausawan Bukuru, bayan iyayensa sun rasu, da ya so da sarakuna kaɗai zai yi ta wasawa. Sai ya waiwayi irin wannan yaron.

Wani tsohon soja ɗan ƙabilar Lelna, Kirista ne, wanda ke zama da mu ko cikin azumi, ya ce a bariki ya fara jinsa. Na ce, "Baba, wa kake gani zai gaje shi?"

Ya ajiye kofinsa. "Ɗana, ka taɓa ganin yaro da kuntigi a garin nan?"

Ban taɓa ba, har yau kuwa. Yaranmu sun koma situdiyo, inji ke yi musu kiɗa. Ladanin unguwa ya ɗaga hannu ya roƙa wa mamacin gafara, muka shafa, Baba ya ce amin tare da mu. Direban ya ce da asuba yana da lodin Kontagora, amma sai da yaran suka sa ya maimaita waƙar tasu.