Kanta na Kabi da Nauyin Kalmar "Wai"

Kalmar "wai" ƙarama ce, amma a bakin magabata ita ce shingen da ke raba abin da aka tabbatar da abin da aka jiyo. Labarin Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, ya isa misali.

Abin da alƙalami ya adana game da shi kaɗan ne. Littafin Tarikh al-Sudan, wanda Abdurrahman Sa'adi ya rubuta wajen 1655, ya nuna cewa Kanta ya raka Askiya Muhammadu na Sanwai yaƙin Agadas, suka saɓa a kan rabon ganima, ya ɓalle wajen 1517, kuma rundunar Askiya ta kasa mayar da shi ƙarƙashinta. Kufan birninsa, Surame, yana nan a Jihar Sakkwato da ragowar ganuwarsa ta dutse.

Sauran duk baki ne ya riƙe shi. Wai cikin Fulani makiyaya ya tashi, babu mai iya ja da shi a dambe. Wai Nufawa sun makara wajen aikin ganuwa, ya hana su ruwa, suka kwaɓa ƙasa da man kaɗanya. Wai kibiya ta same shi a ƙasar Katsina yana dawowa daga yaƙin Barno, aka yi masa kaburbura da dama don kada maƙiya su gane na ainihi.

Na ji labarin man kaɗanyar a Felebina, kusa da Jugu a arewacin Jamhuriyar Benin, lokacin da nake tattara labaran zangunan Hausawa tsakanin Faraku da Jugu, a tsohuwar hanyar fataken goro zuwa Gwanja. Wani dattijo, jikan Kabawa, ya ba ni shi, kowace jimla da "wai" a gabanta. Da ya zo kan ganuwa sai ya ce, "Malam, man kaɗanya wai ne, amma ganuwar ba wai ba ce, kakana ya gan ta." Dattijon bai ƙaryata labarin ba, bai kuma ɗauki alhakinsa ba, ya miƙa shi yadda ya karɓa.

Ko almarar ma tana da amfani. Ba ta tabbatar mana cewa an yi gini da mai ba, amma ta nuna irin sarkin da mutane suka tuna: mai ikon kiran talakawan ƙasashe masu nisa zuwa aikin dole.

Idan "wai" ta faɗi, tarihi kan gurɓata. Makbes ya mulki Sikotilan daga 1040 zuwa 1057. A fagen fama ya ci Sarki Dankan, har ya kai ziyarar ibada Rum a 1050. Amma wasan kwaikwayon Shakespeare ya mai da shi mai kisan baƙo cikin barci, kuma da wannan fuskar duniya ta san shi yau.

Saboda haka, ɗalibai, in kuna rubuta abin da kuka naɗo daga bakin dattawa, kada ku share "wai" ko "an ce" da sunan gyaran jimla. Wanda ya share su ya sa dattijo ya yi shaidar abin da bai gani ba.