Rumbun Dutse Na Great Coxwell

Matafiyin da ya bar birnin Oxford na ƙasar Ingila ya nufi kudu maso yamma, in ya yi tafiyar kamar mil 20 zai iske wani ɗan ƙauye wai shi Great Coxwell. A gefen ƙauyen akwai wani gini na dutse wanda baƙo kan ɗauka majami'a ce. Alhali kuwa rumbun hatsi ne.

Waɗansu Kiristoci masu zaman zuhudu, na gidan ibadar Beaulieu, su suka gina shi wajen shekarar 1292, don tara amfanin gandunsu. Tsawonsa ƙafa 152 ne, bisansa kuwa ƙafa 48. Bangon dutse ne, rufin ma falle-fallen dutse ne aka jera bisa katako.

To, me ke ɗauke da wannan nauyi haka? Sai an shiga ciki ake ganin amsa. Ginshiƙai 12 ne na itacen oak, shida dama shida hagu, suka tallafi rufin. Da yake ƙasar mai yawan ruwan sama ce, magina ba su kafa su a ƙasa ba. Kowanne an ɗora shi bisa dakalin dutse wanda ya fi mutum tsawo, don kada danshi ya ruɓar da gindinsa. A jikin bango kuma an bar 'yan tagogi sirara, iska na shiga, hatsi na shan iska. Ƙofofin asali suna tsakiya, ɗaya gabas ɗaya yamma, suna duban juna. Manyan ƙofofin da ke goshin ginin daga baya aka fasa su, a ƙarni na 18, saboda manyan kekunan doki.

A shekarar 1538, zamanin Sarki Henry na Takwas, aka ƙwace gidan ibadar Beaulieu, aka rushe babbar majami'arsa. Amma rumbun bai ga rushewa ba, domin ko wa ya gaji gonar, yana bukatar wurin zuba hatsi. Manoma suka yi ta gyaransa, zuriya bayan zuriya, har ya shiga hannun hukumar National Trust a 1956.

Masu iya magana sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Masu ginin sun shuɗe, gandunsu ya sāke hannu, amma rumbun na nan tsaye, shekara 700 da ɗoriya.