Baƙin Tawada Ba Ɗaya Ba Ne

Masuntan Yauri sun san cewa Kwara ba ta ɗaukar kaya daidai wa daida. Idan ambaliya ta zo, yashi mai nauyi yakan kwanta kusa, laka kuwa sai ta yi nisa kafin ta zauna a gindin Tafkin Kainji. Irin wannan tankaɗe da rairaya ne ke faruwa a kan ɗan tsirin takarda, a gwajin da masana ke kira kromatogirafi.

Kayan aikin ba su fi ƙarfin kowace makaranta a Yelwa ko Ngaski ba: takardar tata, kofin gilashi, ruwa, da sifirit na kantin magani. Ana ɗiga tawada kusa da gindin takardar, a tsoma bakinta cikin ruwan ba tare da ɗigon ya nutse ba. Ruwan zai hau kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Launin da ya fi narkewa ya bi shi sama, wanda ya fi manne wa takarda ya tsaya baya. Baƙin makar yara yakan tarwatse zuwa shuɗi da ja da rawaya.

Amsar kuwa tana ga abin da aka jiƙa takardar da shi. Tawadar biro ba ta motsi a ruwa, domin an haɗa ta yadda gumi ba zai wanke ta ba. A sifirit ne take sakin launukanta. Tawadar allo, ta gawayi da ƙaro, ba ta rabuwa ko da me aka gwada ta, saboda baƙinta ƙurar gawayi ce da ba ta narkewa. Wanda ya tsaya ga ruwa kaɗai zai rantse cewa ita da ta biro jinsi ɗaya ne.

Mikhail Tsvet, masanin tsirrai ɗan Rasha, shi ya raɗa wa dabarar suna a 1906 yayin da yake raba launukan ganye. Martin da Synge na Ingila suka faɗaɗa ta, har suka sami lambar Nobel a 1952.

Inda abin ya shafi dukiya shi ne takardun ciniki. A ce dillalin albasa ya kawo rasit, abokin cinikinsa ya ce an ƙara sifili bayan sa hannu. Ido yana ganin baƙi ɗaya. Idan ƙwararru suka ɗebi ɗan ƙanƙanin samfur daga sifilin da sauran lambobin, launukan suka fito daban, an tabbatar alƙalami biyu ne suka yi rubutun. Idan suka fito iri ɗaya, ba a wanke kowa ba, tunda masana'anta guda tana cika biro masu ɗimbin yawa da tawada ɗaya. Gwajin yana iya ƙaryata da'awa, amma ba ya isa hujjar gaskata ta, kuma duk mai shiga tsakani a irin wannan rikici ya kamata ya riƙe wannan iyaka.