Bututun Saint-Sulpice da Tubalin Ganuwarmu

A birnin Paris na ƙasar Faransa akwai wani cocin Katolika mai suna Saint-Sulpice. An aza harsashinsa a 1646, ginin kuwa ya ci fiye da shekara 100. Hasumiyoyinsa biyu ba su yi daidai ba, domin ta kudu har yau ba a ƙarasa ta ba, kuma babu wanda ya ce a rushe ta don a daidaita.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ogan ɗin cocin, wato babban abin busa mai bututu kimanin 7,000. Iska ce ke fitowa daga zugazugai, tamkar na maƙera, ta shiga bututun ƙarfe da na katako. Kowane bututu murya ɗaya gare shi: dogo ya yi ruri, gajere ya yi siririn amo. Clicquot ne ya ƙera shi a 1781. Da ya tsufa, aka kira Aristide Cavaillé-Coll, wanda ya kammala sabunta shi a 1862. Gwanin nan bai zubar da aikin magabacinsa ba, sai ya saka tsofaffin bututun da yawa cikin sabon aiki. Bayan haka mutum biyu kacal, Widor da almajirinsa Dupré, suka riƙe kujerar mai kaɗa shi daga 1870 zuwa 1971.

Ni Musulmi ne, ibadarmu ba ta da kiɗa. Amma a Dukawuya nake zaune, kullum ina ganin yadda ganuwa ke zaizayewa, ana yankar ta ana kafa shaguna. Shi ya sa labarin nan yake taɓa ni.

Mu ma muna da gwanaye. Babban Gwani Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azara a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da bakan gizon da masana gini na duniya suka riƙa zuwa kallo. A watan Agustan 2023 wani sashensa ya rufta a kan masallata, aka yi asarar rayuka. A nan Kano, tsohon masallacin ƙasa ya ba da wuri ga na zamani da aka buɗe a 1951. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka maye ta da ta siminti.

Ginin ƙasa yaɓe yake so kafin kowace damina, kamar yadda ogan ke son mai saita muryarsa. Idan maginin da ya san kwaɓin ƙasa da ɗaurin azara ya rasu bai bar almajiri ba, iliminsa ya bi shi kushewa, kuma kuɗi ba za su dawo da shi ba.

Roƙona ga masarauta da sassan koyar da zanen gini na jami'o'inmu shi ne su nemo dattawan magina da suka rage, a haɗa su da ɗalibai, a rubuta abin da suka sani tun suna raye. Tun ran gini ran zane.